Mai dawowa takara da mai gudun hijira: Darasin Kwango ga Sabon Birni da Isa

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Afirka, akwai wani irin ɗan takara da ke bayyana. Ya yi shekaru a ƙasar waje, ya yi ilimi, ya tara abin hannu, sai ya dawo gida da alƙawarin gyara. A Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Martin Fayulu ne fitaccen misali, kuma labarinsa na da amfani ga mutanen gabashin Sakkwato yayin da 2027 ke matsowa.

An haifi Fayulu a Kinshasa a 1956. Ya yi karatu a Faransa da Amurka, ya kama aiki da kamfanin mai na Mobil a 1984, ya zagaya ƙasashe har ya shugabanci kamfanin a Habasha. A 2003 ya ajiye aikin ya koma gida, ya zuba jari a harkar otal, daga baya ya shiga majalisa.

Abin lura shi ne bai dira ana saura wata shida a kaɗa ƙuri'a ba. Shekara 15 ya yi a gida kafin ya nemi shugabancin ƙasa. A Satumban 2016 harsashi ya goge shi a ka yayin zanga-zangar neman Joseph Kabila ya sauka. Shi ya sa da wasu jagororin adawa suka tsayar da shi a Nuwamban 2018, talakawa ba su kalle shi a matsayin baƙo ba.

A zaɓen 30 ga Disamban 2018, hukumar zaɓe ta ba Felix Tshisekedi kashi 38 cikin 100, Fayulu kusan kashi 35. Cocin Katolika, wadda ta baza masu sa ido kimanin 40,000, ta ce alƙaluman ba su yi daidai da nata ba. Kwanaki kaɗan kafin zaɓen kuma an ɗage kaɗa ƙuri'a a Beni da Butembo da Yumbi, bisa dalilin cutar Ebola da rashin tsaro. Mutum fiye da miliyan ɗaya aka naɗa wa shugaban ƙasa ba da yawunsu ba.

A Disamban 2023 abin ya ƙara fitowa fili. A karon farko 'yan Kwango mazauna Beljiyam da Faransa da Amurka da Kanada da Afirka ta Kudu suka yi zaɓe daga can. Amma manomin Masisi da Rutshuru, inda 'yan tawayen M23 suka mamaye, bai ga akwatin zaɓe ba. Wanda ya fita da fasfo ya samu ƙuri'a, wanda yaƙi ya kora daga gonarsa ya rasa tasa.

Wannan hoton ba baƙo ba ne a ƙasar Gobir. Ita ma tana da 'ya'ya iri biyu a waje. Akwai waɗanda kasuwanci ko aiki ya kai Abuja da Legas da Saudiyya, suke leƙo gida da sallah ko lokacin fitar da 'yan takara. Akwai kuma dubban da suka tsallaka iyaka zuwa Jihar Maraɗi tun 2019, suka zube a Gidan Rumji da ƙauyukan kewaye, da waɗanda suka cika makarantu da kangwaye a garuruwan Isa da Sabon Birni da birnin Sakkwato.

Abin da ya kore su kowa ya sani. A Mayun 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana guda. A Disamban 2021 an ƙona matafiya cikin mota a Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindiga bayan makonni yana tsare. A ƙauyuka da yawa, sai an biya harajin 'yan bindiga ake zuwa gona.

Yankin kuwa bai rasa manyan mutane ba. Daga Isa aka samu Attahiru Bafarawa, ɗan kasuwar da ya mulki Sakkwato daga 1999 zuwa 2007. Daga Sabon Birni aka samu Ibrahim Gobir, wanda ya yi shekara 12 a Majalisar Dattawa har ya zama jagoran masu rinjaye a 2022. Ke nan ƙara wani babban suna a jeri ba shi kaɗai ne maganin ciwon ba.

Ba laifi ba ne mutum ya nemo arziki a waje ya dawo neman kujera. Mai kuɗin kansa na iya tsayawa ba sai ya durƙusa wa ubangida ba, kuma wanda ya ga yadda asibiti da makaranta ke aiki a wani wuri ya san abin da zai nema wa mutanensa. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rabon shinkafa da atamfa ba zai maye gurbin kwana a gari ba.

Don haka duk mai neman ƙuri'ar Gobir a 2027, daga Abuja ya taso ko daga Jidda, ya kamata ya amsa tambayoyi uku. Kwana nawa ya yi a mazaɓarsa a shekara huɗun da suka wuce? Ya taɓa taka ƙafa inda 'yan gudun hijirar mazaɓarsa suke zaune? Me ya yi don ganin katin zaɓensu bai zama banza ba?

Hukumar INEC ma tana da nata aikin. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ɗora mata alhakin ganin ba a tauye wa waɗanda rikici ya raba da gidajensu haƙƙin zaɓe ba. Ya dace tun yanzu ta bayyana rumfunan da za a matsar, da inda za a kai su, ta kuma sauƙaƙa sauya katin da ya ɓace ko ya ƙone. Idan aka bari sai daren zaɓe, lissafin zai koma hannun masu murɗiya.

A Maris ɗin 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin ba 'yan Najeriya mazauna waje damar zaɓe, kuma har yanzu ana ta fafutukar dawo da shi. Idan an dawo da shi, kada a tsaya kan mazauna Landan da Amurka. Bagobirin da ke zaune a Gidan Rumji shi ma a waje yake, kuma ba da son ransa ya tafi ba.