Jiran da Mai Manhaja Ya Ɗora wa Manomin Danja

Akwai wani sakaci da ya zama ruwan dare a tsakanin masu rubuta manhajojin intanet, kuma waɗanda ke ɗanɗana kuɗarsa ba su ma san JavaScript ba. Shi ne sanya await a cikin umarnin maimaitawa, ta yadda kowace buƙata sai ta jira amsar wadda ta gabace ta kafin ta tashi zuwa sabar.

A ɗauki wakilin manoman tumatir a Danja, yana da sunaye 40 da zai tura ta wayarsa domin rabon taki. Idan kowace buƙata na cin rabin daƙiƙa, aikin zai ci daƙiƙa 20. Idan sabis ya yi rauni ta koma daƙiƙa uku, minti biyu ke nan. Wanda ya gwada manhajar a ofis mai intanet mai ƙarfi bai san an yi ba. Alhali babu dillalin da ke jiran motar farko ta kai kwanduna Legas ta dawo kafin ya loda wa ta biyu.

Masu kare wannan ɗabi'a kan ce ta fi sauƙin karantawa. Gaskiya ne, kuma domin wannan sauƙin ne aka shigar da async da await cikin harshen a 2017. Amma hutun marubuci ba ya halatta wahalar mai amfani. Jerin gwano yana da hujja ne idan buƙata ta biyu ta dogara da amsar ta farko.

Mafi muni shi ne forEach, wanda ba ya jiran kowa. Shafin na iya nuna "an kammala" alhali wasu sunayen sun maƙale a hanya, sai ranar rabo manomi ya tarar babu sunansa.

Promise.all na 2015 yana tura buƙatu a tare, amma da zarar ɗaya ta faɗi sai ya shelanta faɗuwa, bai faɗi waɗanda suka isa ba. Promise.allSettled na 2020 kuwa yana kawo sakamakon kowace. A tura su rukuni-rukuni, biyar ko shida, a sake tura waɗanda suka faɗi kaɗai. In sabar za ta karɓa, a haɗa sunayen duka cikin buƙata guda.

Chrome ya tanadi hanyar rage gudun intanet domin gwaji. Wanda bai kunna ta ba kafin ya miƙa aikinsa, da lokacin mutanen Danja yake gwajinsa.