A Kai Yaran Tasawa Da Mayahi Gadabeji Su Ga Biri A Dajinsa

Birin da yawancin yaran Tasawa da Mayahi suka sani shi ne na ranar kasuwa. An ɗaure shi da sarƙa a ƙugu, an sa masa 'yar riga, mai shi yana daka masa tsawa, shi kuma yana tsalle yana miƙa hannu. Yara su sheƙe da dariya, manya su jefa 'yan kuɗi, a watse. Ba kasafai ake tambayar inda aka samo shi ba, kuma amsar ba ta da daɗin ji. Uwar biri ba ta sakin ɗanta da son ranta, don haka galibi sai an harbe ta, ko an sa karnuka sun tarwatsa garken, kafin a ɗauke jaririn. Duk birin da ke rawa a bakin kasuwa, akwai ɓarnar da aka yi a daji kafin ya iso nan.

Jan birin da ke cikin dajinsa wata halitta ce daban. Masana dabbobi sun ce babu birin da ya kai shi gudu a duniya, domin yana iya yin kilomita 55 a awa guda. Dogayen ƙafafunsa na filin Allah ne, mai ciyawa da ƙaya, inda itatuwa suke jefi-jefi. Garke yakan ƙunshi mata da 'ya'yansu da ƙaton namiji ɗaya. Matan ne ke jan tafiya, namijin kuwa yakan hau kan suri ko reshe yana gadi, in ya hango haɗari ya ja hankalin maƙiyi zuwa kansa har sauran su ɓace. Suna cin ƙaro da fara da 'ya'yan aduwa da magarya. Idan dare ya yi sai su rarrabu, kusan kowane da bishiyarsa, don kada abin da ya kama ɗaya ya haɗa da saura. Dabbar da ke yin tafiyar kilomitoci kowace rana ita ce ake tsarewa da sarƙa mai tsawon kamu huɗu.

Manomi yana da tasa hujjar, kuma ba a raina ta. Wanda garken birai ya taɓa shiga masa gonar gyaɗa ko wake ya san abin da ake nufi da ɓarna: su tona, su ci kaɗan, su watsar da da yawa. Tsofaffi suna tuna lokacin da ake tura yara jiran gona tun asuba saboda biri. Wannan aiki ya ragu ƙwarai a yau, amma dalilin raguwarsa shi ne dajin kansa ya ƙare. A ƙidayar 2012, gundumar Tasawa da ta Mayahi kowacce ta haura mutum dubu 500. Gona ta haɗe da gona daga Maijirgi zuwa Kanambakashe, saurar da ake bari ta huta ta zama tarihi, ga farin 1973 da na 1984 sun ƙarasa abin da gatari ya rage.

Mutanen wannan yanki kuwa sun nuna wa duniya cewa ana iya maido da abin da ya ɓace. Sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a cikin gona ana yi masa aski, a jihar Maradi ya kafu tun wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo ya fara yaɗa shi tare da manoma. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, har gwamnati ta fitar da doka a 2020 mai tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena. Gawo da kalgo da sabara sun dawo, gorubar Gulbin Kaba tana ci gaba da ciyar da masu saƙar tabarma da tufkar igiya. Sai dai itace a gona ba daji ba ne. Ba wanda zai ce wa manomin Urafan ya raba geronsa da biri. Naman daji yana buƙatar wurinsa na kansa, kuma wurin yana nan cikin jihar Maradi.

Gandun dajin Gadabeji yana gundumar Bermo, arewa maso yamma da Mayahi, a ƙasar makiyaya Fulani da Buzaye. An keɓe shi tun 1955, faɗinsa hekta dubu 76, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da duniya ke kula da halittunsu. Ya sha wahala. Mariri ya ƙare ƙaf, raƙumin dawa ma ya ɓace kusan shekara 50, saboda fari da farauta. Amma barewa ta tsira, da dila, da yanyawa, da manyan ungulaye, da jan biri. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su a mota aka sake su a Gadabeji. Sun zauna, har sun hayayyafa.

Wanda ya je can kada ya sa ran biri zai zo ya karɓi ayaba a hannunsa. Jan birin Gadabeji yana tsoron mutum, kuma haka ya dace. Sai an yi sammako tare da jami'in gandun daji, an rage surutu, sannan a hango su daga nesa suna tsinkar ƙaro, uwa da ɗanta manne a cikinta, kafin namijin ya ba da alama su tashi da ƙura. Kallon na 'yan mintoci ne, amma yaron da ya gan shi ba zai sake yi wa birin sarƙa irin dariyar da yake yi ba.

Abin da ke faruwa idan aka saba wa biri da hannun mutum yana nan a Yankari, jihar Bauci. Gandu ne babba, an kafa shi a 1956, yana da giwaye da ruwan ɗumi na Wikki. Amma duk wanda ya kwana a masaukin Wikki ya san halin gwaggon biran wurin. Suna fizge leda daga hannun baƙo, suna kutsawa ɗaki ko mota in an bar ƙofa a buɗe. Baƙi ne suka koya musu, da jefa biskit don a samu hoto mai kyau. Ƙarshen irin wannan sabo cizo ne, da fargabar cuta, da kiran a kashe dabbar. Gadabeji bai kamu da wannan ba tukuna, kuma hana ciyar da biri ya kamata ya zama doka ta farko da za a karanta wa kowane baƙo.

A Gana kuma akwai Boabeng da Fiema, ƙauyuka biyu da ba su da nisa da Techiman, garin da fatake Hausawa suka daɗe da sani. Can birai suna yawo har cikin gari, mutanen wurin suna binne su idan sun mutu, kuma tun 1975 aka mai da al'adar ta zama dokar ƙaramar hukuma. Dalilinsu na addinin gargajiya ne, Musulmin Tasawa ba zai ɗauke shi ba, kuma ba ya buƙatarsa. Hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa sananne ne a kowace makarantar ilimi, haka ma keɓe hurumi don amfanin jama'a tsohon abu ne a shari'a. Darasin da ke cikin labarin Gana shi ne mutanen gari ne suka riƙe abin, doka ta biyo baya.

A nan ne Nijar ta yi sakaci. An gina yawon buɗe ido a kan Bature mai zuwa da kyamara. Kure ya ci wannan kasuwa shekaru da yawa, yayin da raƙuman dawansa suka tashi daga 49 a 1996 zuwa sama da 600. Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a wurin, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, baƙin waje suka ɗauke ƙafa, masu yi musu jagora suka rasa abin yi. Gandun da ya dogara da baƙon nesa kaɗai, rana ɗaya ake rufe masa kasuwa. Wanda ɗan ƙasa ya sani, yake ƙauna, shi ne ke da mai kare shi idan an zo yanka filinsa ko an shigo da bindigar farauta.

Hanyar Gadabeji rairayi ce, sai mota mai ƙarfi, kuma dole a nemi shawarar hukumomin tsaro kafin a ɗebi 'ya'yan mutane. Duk da haka, ƙananan hukumomi 15 na Tasawa da Mayahi ba za su gaza ɗaukar nauyin aji ɗaya-ɗaya a shekara ba, a lokacin sanyi, tsakanin Disamba da Fabrairu, sa'ad da jan biri ke haihuwa. Makiyayan yankin, waɗanda suka fi kowa sanin sawun dabba, su ne ya kamata a biya su yi jagora. Tunda Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, a rubuta bayanin dabbobin da ita. Dokar farauta ta 1998 tana nan, jami'an gandun daji su riƙa tambayar mai wasa da biri inda ya samo shi. Iyaye kuma, idan an zo da biri cikin sarƙa ƙofar gida, su riƙe kuɗinsu, su tara a kai yaran Gadabeji.