Ba Yaron Kasuwar Aboabo Ne Ya Cinye Kuɗin Mawaƙanmu Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan maganar satar fasaha da haƙƙin mawaƙa, daga nan Tamale, arewacin Gana.

Duk lokacin da aka tada wannan magana, a rediyo ne ko a majalisar shayi, mutum ɗaya ake nunawa da yatsa: yaron nan da ke zaune da tsohuwar kwamfuta a bakin kasuwar Aboabo ko gefen tashar mota, wanda za ka miƙa masa memori da 'yan sidi kaɗan ya cika maka shi da waƙoƙi. Na Dagbani ne, na Hausa ne daga Kano, na Indiya ne, duk yana da su. Ana cewa shi ya kashe kasuwar waƙa, shi ya sa mawaƙi ke tsufa a ɗakin haya. Ban ce yaron nan ba shi da laifi ba. Yana cin kuɗi da gumin wani ba tare da izini ba, kuma ko a Musulunci maganar ba a duhu take ba, tunda Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Abin da nake musu a kai shi ne girman laifinsa idan aka ajiye shi kusa da na manya, da kuma ko korarsa za ta sa ko sisi a aljihun mawaƙi.

Mu fara da yadda waƙa take ciyar da mai ita a ƙasarmu tun fil azal. Makaɗan Dagombawa, wato lunsi, waɗanda ke jingina asalinsu ga Bizung ɗan Naa Nyagsi, ba su taɓa sayar da waƙa a matsayin haja ba. Suna kiɗa a fada, a suna, a biki, a jana'iza, a bikin Damba, su ambaci kakannin mutum har ya ji tsigar jikinsa ta tashi, ya sa hannu a aljihu. Haka masu goge. Haka Mamman Shata a ƙasar Hausa har rasuwarsa a 1999: faifai da kaset sun kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta je ba, amma abin da ya riƙe gidansa kyautar waɗanda ya wasa ce. Sannan ga wata al'ada da ta zauna mana a jini tun zamanin kaset. Wanda ya kwafi wa'azin Afa Ajura ko tafsirin Malam Ja'afar ya ba maƙwabcinsa, lada yake nema, kuma kowa sa masa albarka yake yi. Hannun da ya saba da haka bai ga bambanci ba da ya zo kan waƙa. Saboda haka in ka ce wa direban keken yalo-yalo sata yake ji a lasifikarsa, kallon mamaki zai yi maka.

Taurarin yau ma a kan wannan tsohuwar hanya suka hau. Fancy Gadam ya cika filin wasa na Tamale, wanda yanzu ake kira da sunan Aliu Mahama, filin da ke ɗaukar mutum wajen 20,000. Ya ci kyautar sabon mawaƙi a gasar waƙoƙin Gana a 2017, a 2018 kuma waƙarsa da Sarkodie, "Total Cheat", ta zama waƙar shekara. Maccasio shi ma ya tara jama'a a filin nan. Ina tambaya: mutanen da suka taso daga Savelugu, Tolon, Kumbungu da Yendi suka sayi tikiti, a ina suka haddace waƙoƙin? Spotify bai shigo Gana ba sai a 2021. Boomplay da Audiomack suna nan, amma suna cin data, data kuwa kuɗi ce. Waƙoƙin nan daga waya zuwa waya suka yi tafiya, ta Bluetooth da Xender da teburin yaron nan na kasuwa. Shi ne ɗan aiken da ba a biya ba, ko da yake shi ma bai biya kowa ba.

Amma kada a ɗauka ina cewa komai lafiya lau. Kuɗin ƙofa na wanda ya hau dandamali ne. Wanda ya haɗa kiɗan a ɗan ƙaramin sutudiyo a unguwar Sakasaka ko Lamashegu an sallame shi tun ranar da aka ɗauki waƙar, sau ɗaya tak, ko da waƙar za ta shekara goma ana rawa da ita. Yarinyar da ta yi amshi ko sunanta ba a sani ba. Dattijon da ya yi tashe a zamanin kaset, yau ba ƙarfin tsalle a gaban matasa, ba shi da ƙofar da zai karɓi kuɗi a bakinta, alhali ana sa waƙoƙinsa a rediyo duk mako. Waɗannan su ne mutanen da aka yi dokar haƙƙin mallaka dominsu, kuma su ne ba ta kai wa.

Dokar kuwa tana nan, ba ta da laifi a takarda. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2005, mai lamba 690, ta ba mai waƙa kariya tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan mutuwarsa. Akwai ƙungiyar GHAMRO, wadda ta gaji COSGA a 2011, aikinta ta karɓi kuɗi daga gidajen rediyo da talabijin da otal-otal da duk mai amfani da waƙa a harkar kasuwancinsa, ta raba wa masu waƙoƙin. Abin da mutane da yawa a nan ba su sani ba shi ne akwai wani haraji da dokar ta ɗora a kan kayan kwafi, irin su kaset da faifan CD da filash, kashi 20 cikin 100 na kuɗinsu, kwastan ke karɓa tun a tashar jirgin ruwa, don a rage wa masu fasaha asarar kwafin da jama'a ke yi a gida. Ke nan talakan Tamale da ya sayi filash ya riga ya zuba wani abu a asusun mawaƙa bai sani ba. To ina kason arewa?

A nan gizo ke saƙa. Ba za a raba kuɗi da adalci ba sai an san waƙar wa aka sa, a wace tasha, sau nawa. Ƙorafin da mawaƙan ƙasar nan suka daɗe suna yi, na kudu da na arewa, shi ne babu wannan lissafi yadda ya kamata, kuma gidajen rediyo da yawa ba sa biya. Inda babu lissafi, rabo yakan bi suna, suna kuwa a Akra ake yin sa. Ka kunna Radio Savannah ko Zaa Radio ko Diamond FM ka saurara wuni guda, za ka ji yawan waƙoƙin Dagbani da ke fita. Idan ba a rubuta su ba, a idon mai rabo kamar ba a taɓa sa su ba ne. Mawaƙin da ya yi rajista ya ga abin da aka turo masa ta momo bai kai kuɗin motar zuwa Akra ba, gobe ba zai ƙara waiwayar ƙungiya ba, ƙaninsa kuma ba zai ma yi rajistar ba. Haka zaren yake tsinkewa, sai a dawo a ce 'yan arewa ba su waye da harkar ba.

Sai kuma manya, waɗanda ba su da uzurin jahilci ko na talauci. A watan Satumba na 2022 aka saki wani bidiyon tallar yawon buɗe ido a shafin shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, sai ga hotunan bidiyon waƙar "Guda" ta Kirani Ayat a ciki. Ayat yaron Madina ne, da Hausa yake waƙa, kuma a nan arewa ya ɗauki bidiyon. Ya fito fili ya ce ba wanda ya nemi izininsa. Hukumar yawon buɗe ido ta ce ta hannun wani kamfani ta samo hotunan, aka yi ta ja-in-ja, daga baya aka sasanta. Idan hukumar gwamnati, da lauyoyinta da komai, za ta iya faɗawa cikin wannan, da wane baki za a aika ɗan sanda ya kwashe kwamfutar yaro a tasha? A 2023 mawaƙin Gana Obrafour ya kai Drake ƙara a kotun New York yana neman dala miliyan 10, a kan wani yanki na "Oye Ohene" da ya ce an ɗauka an sa a waƙar "Calling My Name" ba da yardarsa ba. Obrafour yana da suna, yana da takardu, yana da hanyar samun lauya a Amurka. Mai gogen Tamale da wani zai naɗi sautinsa da waya ya kai Turai ya ɗora a kan kiɗan disko, ko labarin ba zai ji ba.

Wani sashe na dokar ma ya fi ba ni mamaki. Asalinsa abin kirki ne. A 1990 Paul Simon ya gina waƙarsa "Spirit Voices" a kan salon "Yaa Amponsah", tsohuwar waƙar da Kumasi Trio suka ɗauka a faifai a Landan a 1928, ya kuma biya Gana kuɗi. Daga nan aka kafa hukumar kula da fasahar gargajiya. Amma dokar 2005 ta ɗanka haƙƙin dukkan fasahar gargajiya a hannun shugaban ƙasa a madadin jama'a, ta ce mai son cin kasuwa da ita ya nemi izinin hukumar ya biya, ba ta ware ɗan ƙasa ba. Farfesa John Collins na Jami'ar Legon ya daɗe yana sukar wannan. Ka duba abin da hakan ke nufi a Dagbon, ƙasar Dagombawa: jikan makaɗi, wanda ya koyi kiɗan Takai da Bamaya a gaban kakansa da bulala a gefe, in zai naɗe su ya sayar, a takarda sai ya nemi izini daga Akra. Ban ga ana tsananta wannan a aikace ba, alhamdu lillahi, amma dokar da ta mai da magaji ɗan haya a gidan ubansa tana buƙatar gyara. In za a karɓi kuɗi daga baƙo a kan kiɗan lunsi, ai gidajen lunsi da fadar Yaa Naa, sarkin Dagbon, su ya kamata su fara sanin nawa ne.

Mun ga inda kame da ƙona faifai ya kai mutane. A shekarun 1990 an manna wa kaset tambarin hukuma a nan Gana don a bambanta na gaske da na jabu, ya yi ɗan tasiri, sai fasaha ta wuce shi. A Amurka an rufe Napster a 2001, kwafi bai tsaya ba sai da aka kawo hanyar saurare mai sauƙi da araha. 'Yan'uwanmu na Kannywood sun yi shekaru suna artabu da masu kwafi har kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, yau ga su a YouTube da shirye-shirye masu dogon zango. Wanda ya fi burge ni shi ne Ba'amurken nan Christopher Kirkley na Sahel Sounds, da ya tattaro waƙoƙi daga memorin wayoyin mutane a arewacin Mali ya fitar da su a 2011, ya bi sawun masu su ya biya su. Ta wannan hanya duniya ta san Mdou Moctar na Nijar. Mutum ɗaya ya iya gano mawaƙi a cikin Sahara, sai ƙungiya mai ofis da ma'aikata ce za ta kasa gano na unguwar Sabonjida?

Shi ya sa nake ganin a jawo masu turin waƙa a jiki. Sun san juna, suna da manyansu kamar kowace sana'a a kasuwa. A yi musu rajista, kowane tebur ya biya wani abu kaɗan a wata wanda ba zai karya shi ba, a ba shi takardar izini ya manna. Sun fi kowa sanin waƙar da ake nema a wannan makon, saboda haka lissafin da aka rasa a Akra yana nan a kwamfutocinsu. Kuɗin da aka tara a Tamale a raba shi a Tamale, a gaban reshen ƙungiyar mawaƙa ta MUSIGA na yankin, a karanta sunaye a rediyo kowa ya ji. Na san za a ce wannan halatta ɓarna ne. Ai gidan rediyo ma da waƙar wani yake cin talla, lasisi ne kawai ya raba shi da mai tebur, in ma ya biya.

Su ma mawaƙanmu da sauran aiki a gabansu. Yawancin rigingimun da ke tashi tsakanin mawaƙi da mai haɗa kiɗa a garin nan daga "ai mu 'yan'uwa ne" suke farawa. A rubuta a takarda tun kafin a bar sutudiyo: wane ya rubuta, wane ya yi kiɗa, kason kowa kaza, shaidu biyu su sa hannu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba rashin yarda ba ne.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka tura wakilinka ya tambayi GHAMRO da Ofishin Haƙƙin Mallaka abu uku a rubuce: mambobi nawa suke da su a yankuna biyar na arewa, gidajen rediyo nawa ne a Tamale suka biya a bara, kuma nawa ne daga harajin kayan kwafi ya tsallako kogin Volta zuwa wajenmu. Duk amsar da suka bayar, ka buga mana ita yadda take.



Mai karatunku a kullum,
daga Zangon Hausawa, Tamale, Gana.