Mun iya dubiya, ba mu iya jinya ba

A makon da aka yi wa mace aikin sankarar mama, ɗakin asibiti ba ya ɗaukar mu. 'Yan uwa, maƙwabta, matan Islamiyya, abokan maigida, kowa da kular abinci da ledar lemo da ayaba, har sai ma'aikatan jinya sun fara korar mutane. A sallame ta, a yi kwana goma ana sintiri a gida. Daga nan ƙafa ta ɗauke. Bayan wata uku in ka tambayi wani cikin waɗanda suka cika ɗakin nan yaya jikin wance, sai ya ce maka, "Ai ta warke tuntuni." Likita bai ce mata ta warke ba. Cewa ya yi ta dawo bayan wata uku. Kuma haka zai yi ta faɗa mata shekara da shekaru, ita kuwa ta yi ta zuwa ita kaɗai, saboda mu mun gama namu tun ranar da muka ajiye ledar lemo. Wannan abu yana ci mini rai, kuma yau zan faɗe shi ba sakayawa.

Da yawanmu ba mu ma san yadda jinyar take ba, ba mu kuma damu mu tambaya ba. Yanka mataki ɗaya ne kawai. Akwai ƙarin ruwan kemo, galibi duk bayan mako uku, wata da watanni, wanda ke zubar da gashin kai, ya kashe ɗanɗanon baki, ya mai da farce baƙi. Akwai gashi da na'ura, kullum kullum har na tsawon makonni. Wadda sankararta irin mai cin sinadarin jikin mace ce, za a ɗora ta a kan ƙwaya irin su tamoksifen, ta sha kowace rana shekara 5, wata ma har 10. A tsakanin haka akwai ganin likita duk wata uku zuwa shida a shekarun farko, da hoton mama duk shekara. In baya ya riƙe, ko tari ya ƙi tafiya, sai a tura ta hoton ƙirji, ko na hanta, ko na ƙashi, domin wuraren da cutar ta fi guduwa ke nan in ta dawo: ƙashi, huhu, hanta, ƙwaƙwalwa. Wadda kuwa tata ta riga ta bazu, hoton da ake mata duk 'yan watanni shi ke faɗin ko maganin da take sha yana aiki ko ya daina. Rayuwarta an yanka ta gida-gida, daga wannan hoto zuwa na gaba.

Na ga abin da jiran hoto ke yi wa mutum a jikin gwaggona. Mace ce mai raha, wadda ba a gundura da zama da ita. Amma da zarar ya rage mako guda ranar asibitinta, sai gidan ya canza. Ta sa abinci a gaba har ya huce. Ta fita wanka ta daɗe, na san kuma me take yi: tana lalube gefen tabon da ƙarƙashin hammata, tana neman ƙululu. Tsakar dare in na farka sai in tarar da ita zaune a bakin gado, carbi a hannu amma yatsun ba sa motsi. Na ce, "Gwaggo, ba ki kwanta ba?" Ta ce, "'Yar nan, bayana ne ke ɗan ciwo. Kina ganin wankin jiya ne?" Ba wankin take tambaya ba, mu duka mun sani.

To me muke ce wa mace a wannan hali? "Haba Hajiya, ina tawakkalinki?" "Ki daina kira wa kanki mugun abu." "Ai mumini ba ya tsoro." Da kunnena na ji an faɗa wa gwaggona irin waɗannan, daga bakin masu lafiya garau, waɗanda zazzaɓin kwana biyu ke sa su kiran duk dangi. Wannan zalunci ne da aka yi wa rigar wa'azi. Matar da ta miƙa jikinta aka yanke, ta jure kemo, take tashi da asuba ta kama hanyar asibiti tana salati, ita za a koya wa tawakkali? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, babu kuma wanda ya isa ya ce imaninsa ya ragu. Tsoro da dogaro ga Allah suna zama a zuciya ɗaya. Abin da irin wannan magana ke jawowa shi ne mace ta koyi rufe bakinta. A ce mata ya jiki, ta ce da sauƙi, domin ta gane amsar da muke son ji ke nan, mu samu mu tashi mu tafi da zuciya sakayau.

Kuma tsoron nata ba na banza ba ne. Ƙididdigar hukumar binciken cutar daji ta duniya ta nuna a shekarar 2022 mata fiye da 32,000 aka gano suna da sankarar mama a Najeriya, fiye da 16,000 kuma suka rasu sanadinta. Ita ce cutar dajin da ta fi kowace yawa a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin 100 na masu wannan cuta suna kai shekara 5 a raye bayan an gano ta. A wurinmu yawancin mata ba sa isa gaban likita sai abin ya yi nisa. Majinyaciya ba ta bukatar a karanta mata waɗannan alƙaluma. Tana da nata lissafin: matan da suka saba haɗuwa a bencin asibiti, ta zo wata ran ta tarar babu ɗaya, ta tambaya, a ce Allah ya yi mata rasuwa bayan Sallah.

Duk da haka sai wata ta zo dubiya, ta gyara zama, ta ce, "Wance ta bayan layinmu ma haka aka yanke mata, wallahi ko shekara ba ta rufa ba." Wata kuma ta jawo ƙullin gari daga jaka, ta ce ai daji ba ya son ƙarfe, da ba a taɓa shi da wuƙa ba da tuni an wuce wurin. Wata ta rage murya ta ce a bincika, kada ya zama hannun kishiya ne. Wannan magana ta "daji ba ya son ƙarfe" ta kai mata da yawa kabari, domin ita ke sa a zauna a gida ana shafe-shafe da hayaƙi har ƙululun da za a iya cirewa ya fashe ya zama gyambo. Masu tallar maganin daji a rediyo da motocin lasifika a kasuwanni suna cin abinci da tsoron matan nan, kuma sun fi samun ciniki a daidai makon da mace ke jiran sakamako, lokacin da ko me aka miƙa mata za ta kama. Ban ga dalilin da zai sa gidan rediyo ya karɓi kuɗin mutumin da ke cewa yana warkar da sankara da jiƙo ba, ban kuma ga dalilin da hukuma ta zuba masa ido ba.

Sai maza. Akwai na kirki, na gan su a bakin ɗakin hoto riƙe da jakar matansu da takalmansu, Allah ya saka musu. Amma akwai wanda in matarsa ta ce ranar hoto ta zo, sai ya ce, "Wani hoton kuma? Ba an yanke abin ba?" Akwai wanda ba ya iya kallon ƙirjinta tun ranar aiki, ya ƙaurace wa ɗakinta ba tare da ya ce uffan ba. Akwai wanda gashin kanta bai gama tsirowa ba aka fara shigo da akwatunan lefen wata. Ba halaccin auren nake ja ba. Ina tambaya ne, da wace irin zuciya ake ɗaura shi a watan da uwar 'ya'yanka ke jiran a gaya mata ko cutar ta shiga ƙashinta? Mata da yawa suna ɓoye sabon ciwo, su tsallake ranar hoto, don kada a ce sun cika cin kuɗi. Na san kuɗin ba wasa ba ne. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, hoton kwamfuta guda ɗaya na iya kusan lashe shi, ga mota, ga magani. To sai a zauna da dangi a yi lissafi a fili, a raba nauyin, kamar yadda ake yi in biki ya taso. Mun iya adashen anko da na kayan ɗaki. Me ya hana adashen hoto?

Asibitocin ma ba zan ƙyale su ba, domin rabin azabar jira su ke ƙirƙirar ta. Ranar da na raka gwaggona wani asibiti, mun isa gari bai gama wayewa ba, muka tarar da layi. An hana ta cin komai tun dare saboda hoton. Sai wajen azahar wani ya leƙo ya ce na'ura ta tsaya, a dawo wani mako. Ba haƙuri, ba bayani. Da aka samu aka yi, sai aka ce a dawo karɓar sakamako. Da aka karɓa, ambulan ce mai ruwan ƙasa, da takarda cikin Turancin likitoci, ranar ganin likita kuma da saura. Kwanaki takardar nan tana ƙarƙashin matashinta. Ta ba jikanta ya karanta, ya shiga intanet yana neman ma'anar kalmomin, ya ɗago fuska a firgice, ita kuma tana karanta fuskarsa. Da muka ga likita, ashe ba komai a ciki. Wane ne zai biya ta waɗannan dararen? Na san likitocin daji 'yan ƙalilan ne, na san da yawa sun bar ƙasar, waɗanda suka rage kuma aiki ya danne su. Amma haɗa ranar karɓar sakamako da ranar ganin likita ba ya bukatar sabuwar na'ura. Ajiye ma'aikaciyar jinya ɗaya mai jin Hausa, wadda za ta zauna da mace minti goma ta yi mata bayani, ba ya bukatar kwangila. Kiran waya a ce kada ki taso daga Nguru ko Gumel yau, na'ura ba ta aiki, katin waya kawai yake ci.

Shekaru da dama, duk faɗin Arewa, wuraren gashi na gwamnati ba su wuce Shika a Zariya da Sakkwato da Gombe da Abuja ba. Mace ta bar 'ya'yanta, ta je garin da ba ta san kowa ba, ta kwana a baranda. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin yaƙi da sankarar mama, inda ta ce a kammala gano cutar cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti, kuma aƙalla kashi 80 cikin 100 su kai ƙarshen maganinsu. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta fara asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya. Duk suna nan a rubuce. Ku je bencin asibiti ku tambayi matan da ke zaune, nawa ne cikinsu aka taɓa gaya wa akwai asusun, balle a nuna musu ƙofar ofishin.

Abin da ya riƙe gwaggona, bayan Allah, matan bencin nan ne. Sun karɓi lambobin juna. Daren hoton ɗaya, sauran za su kira ta, ba don su ce ta daina tsoro ba, sai don su ce mu ma haka muke yi, gobe in kin fito ki kira. Su suka koya mata yadda za ta ɗinka ɗan matashi ta sa a rigar mama, da yadda za ta ɗaga hannun da ke kumbura saboda an cire ƙwayoyin hammata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, gaskiya ne, amma abin kunya ne a ce marasa lafiya ne kaɗai ke jinyar marasa lafiya. Betty Anyanwu-Akeredolu, wadda ita ma ta yi cutar ta tashi, ta kafa ƙungiyar masu sankarar mama a Ibadan tun 1997. Dakta Zainab Shinkafi Bagudu ta daɗe tana wannan fafutuka da gidauniyarta. Amma macen ƙauye a Jigawa ko Yobe, wa take da shi in ba ƙanwarta da ɗiyarta ba?

Saboda haka ke ƙanwa, kai ɗa, kai maigida, ku san ranar hotonta. Ku buɗe katin asibitin ku duba, kada ku jira ta roƙa, domin ba za ta roƙa ba. A makon hoton wata ta karɓi girki da wanki da daka, hannun da aka yi wa aiki ba na ɗaukar bokiti ba ne. Ranar hoton wani ya bi ta, ya riƙe fayil, ya bi layin biyan kuɗi, ya shiga wurin likita tare da ita ya rubuta abin da aka ce, don mai fargaba ba ta riƙe rabin abin da ta ji. In ta ce tana tsoro, a ce mata an ji, a zauna. In ba ta son magana, a bar ta, kada a dame ta da kira goma ana "me aka ce?"

Ga gwamnatocin jihohi kuma da matan gwamnoni: watan Oktoba na wayar da kai kan sankarar mama zai sake zagayowa, za a buga riguna da huluna ruwan hoda, a yi tattaki a ɗauki hotuna. Kuɗin rigunan nan ku ware su ku biya wa matan da aka riga aka yi wa aiki hoton shekara, ku sa motar da za ta kai su cibiyar gashi ta dawo da su, ku ɗauki ma'aikaciyar jinya a kowane babban asibiti wadda aikinta kawai ta kira mace ta gaya mata sakamakonta ya fito, kuma likita zai gan ta a ranar.