Ba tsufa ke kashe babbar mota ba, rabin gyara ne

Satin da ya wuce, cikin shirinmu na safe, wani bawan Allah ya bugo waya daga Tasawa ransa a ɓace, ya ce kamata ya yi hukuma ta kwashe duk tsofaffin kamiyon nan daga bisa hanya, a yanka su a auna ƙarfen a kilo. Ban samu na ba shi amsa ba, an yi mini alamar lokacin labarai ya yi. Shi ya sa na kawo maganar nan, inda babu mai katse ni.

Kawuna yana da Mercedes 1113, irin mai gajeren hancin nan da kuka sani. Jamusawa sun fara ƙera dangin motocin nan a 1959, injinta kuma, OM 352, ya fito a 1964: silinda shida a jere, babu kwamfuta, babu wata waya da za ta gagari mai gyara. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Damina huɗu ta yi a ƙofar gida nan Maraɗi, awaki na kwana a ƙarƙashinta, har kaza ta yi ƙwai bisa kujerar direba. Bara waccan bayan kaka, Kawu ya sayar da bijimai biyu ya ce zai tashe ta.

Aikin inji an yi shi tsakani da Allah, da idona na gani. An sauke shi, an warware shi ƙusa-ƙusa, an kai kilas an daidaita fuskarsa, an gyara bilbireke, an sa sababbin pisto da sagma da kusine, an kai famfon gazuwal wurin masu saita shi. Wasu kayan sai da yaro ya tafi Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ya nemo su. Ranar da aka tada injin, yaran gareji har da tafi.

Sai aka zo ga ambiriyaji, abin da ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa kuloci. A nan kuɗi suka ƙare, haƙuri ma ya ƙare.

Maigidan garejin ya kira mu bayan injin ya ce, "Alhaji, dubi bolan ɗin nan." Ni da na yi lakkwal har lise, tunanina bolan shi ne abin da direba ke murzawa kawai, har na waiga wajen kan mota. Yara suka yi ta dariya. Ashe akwai wani bolan ɗin, na inji: wani ƙaton faifan ƙarfe mai nauyi da ake ɗaurewa a ƙarshen bilbireke. Aiki ukku gare shi. Nauyinsa ke riƙe juyin inji tsakanin bugun pisto da bugun pisto, don kada mota ta dinga fizga. Haƙoran da ke kewaye da shi nan ne demarer ke cizo ya tada inji. Fuskarsa kuma, a kanta ne plato ke danne diskin ambiriyaji, daga nan ƙarfin inji ke wucewa cikin bwat ya isa ga tayoyi. Wato duk ƙarfin da aka kashe kuɗin bijimai biyu aka dawo da shi, ta wannan fuskar guda zai bi.

Fuskar kuwa ta ci wuya. Tsohon diskin ya cinye har ƙusoshinsa sun fito sun yi mata zane zagaye-zagaye kamar kunyar gona, ga tabo shuɗi-shuɗi inda zafi ya ƙona ƙarfen, ga ƴan tsage sirara. Maigida ya ce a kwance shi a kai wa turnar ya feƙe fuskar ta koma sumul, a canza bute, a canza robar da ke tare mai a bayan bilbireke tunda ga ta a buɗe. Kwana biyu ya nema. Kuɗin da turnar ke so bai kai na gazuwal ɗin zuwa Ƙonni ba.

Kawu ya ce, "Malam, inji na ce ka gyara mini. Wanga ƙarfe shekara nawa shina aiki? Sa sabon diski ka ɗaura, Allah na nan." Na ce, "Kawu, da dai an bi maganarsa." Ya ce, "Kai ɗan rediyo, tafi ka karanta labarai." Aka ɗaura.

Tafiya ta ukku, cikin watan Afrilu, ta ɗauko albasa daga Galmi, an yi mata lodi har ya wuce kanta. Tun daga Madawa direba ya ji inji na kuka mota ba ta gaba, ga wari kamar ana ƙona ƙaho. Kafin Gidan Rumji ta tsaya cik. Kwana ukku albasar mutane tana cikin ranar bazara. Wanda ya san albasa ya san sauran labarin. Kawu ya biya masu kaya, ya biya wani sabon diski, ya biya a sake sauke bwat, sannan ya biya turnar ɗin nan dai da ya ƙi biya tun farko.

Abin ba tsafi ba ne. Sabon diski a miƙe yake, fuskar da ta yi kunya kuma ba ta taɓa shi sai ta ƴan wurare. Inda bai kama ba sai ya dinga sulɓewa, sulɓi ya kawo zafi, zafi ya ƙone shi. In kuma robar bayan nan tana ɗigo, mai ya jiƙa diskin, to ko na kamfani ne bai daɗewa. Kuma babban kuɗin aikin ambiriyaji ba na ƙarfen ba ne, na sauke bwat ne da mayar da shi. Wanda ya ƙi yi sau ɗaya, sau biyu zai biya.

To ga amsata ga mutumin Tasawa. Wa zai kai buhun gero kasuwar ƙauye in aka yanka motocin nan? Sababbin na Sin muna ganinsu a hanya, madalla, amma mutum nawa cikinmu zai iya sayen guda? Da iyakarmu da Benin ta rufe a ƙarshen watan Yulin 2023, kayan da a da ke shigowa ta Kotonu sai da suka zagayo ta Lome da Burkina, kowa ya ji a aljihunsa. A irin wannan hali, motar da yaron gareji zai iya gyarawa da makulli da guduma a gindin gawo dukiya ce. Laifinmu shi ne muna son mu ji ƙarar inji mu ga hayaƙi, abin da ke ɓoye ciki kuwa ba mu son biyan kuɗinsa, don ba a nuna wa maƙwabta shi.

Masu gyara ma ba zan wanke su tas ba. Maigidan nan ya faɗi gaskiya, amma ya ɗaura. Da ya aje makulli ya ce ba da hannunsa ba, da Kawu ya yi fushin kwana biyu ya dawo. Sai dai shi ma ya san in ya ƙi, akwai wani gareji a gaba da zai karɓa da murna. Kuma na ga wurare da yawa ana ɗaure ƙusoshin bolan da dogon bututu da ƙarfin damtse, alhali kowace ƙusa akwai ma'aunin ɗaurinta, akwai makullin da ke auna shi. Ƙarfe mai wannan nauyi yana juyi sau dubu biyu da wani abu a minti guda, kusa da ƙafafun direba, ba abin yi wa kintace ba ne. Na kuma ga yara suna hure ƙurar tsohon diski da baki, ƙurar da a tsofaffin kaya takan ƙunshi amiyant mai cin huhu. Ruwa kaɗan da tsumma sun isa.

Inda na yarda da mai kiran nan shi ne nan: in shasi ya tsage, ko birki ya mutu, tada injin ba alheri ba ne. Motar da ke da ƙarfin gudu ba ta da ƙarfin tsayawa, gara tana nan awaki na kwana ƙarƙashinta. Irin waɗannan su ne ke kashe mutane, kuma su ya kamata a tsare a wurin binciken lafiyar mota, ba a duba shekarun da ke cikin kart giriz kawai ba.

Ta Kawu dai yanzu tana kan hanya, damina biyu ke nan ba a sake taɓa ambiriyajinta ba. Ƙonannen diskin yana rataye a bangon gareji, maigida na nuna wa duk wanda ya ce masa "ɗaura haka nan". Ranar Alhamis in Allah ya kai mu na gayyato shi cikin shiri tare da wani tsohon direban hanyar Agadas. Mutumin Tasawa, in kana karanta wannan, ka bugo da wuri, kafin labarai.