Wurin Gaggawa Da Wurin Jinkiri A Neman Haihuwa

 

A Rikoto da sauran unguwannin Zuru akwai matan da ciwon mara kan kwantar da su kowane wata, har su shekara goma a ɗakin miji ko ɓatan wata ba su yi ba. A sha rubutu, a sha saiwa, daga ƙarshe a ce juya ce. Alhali sau da yawa cuta ce da likitoci ke kira endometiriyosis, watau nama irin na shimfiɗar mahaifa ya tsiro a wajenta, ya kumbura lokacin haila, ya manne hanyar ƙwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana samun mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa.

Allah Ya hore wa likitoci wata dabara. Akan ɗebo ƙwan mace a haɗa shi da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, sa'an nan a mayar da ɗan tayin cikin mahaifarta. Ta haka aka haifi yarinya a Ingila a 1978. A 1984 aka haifi wata a Ostireliya daga tayin da aka daskarar, a 1998 kuma aka yi irin wannan haihuwa ta gwaji a Abuja. Muftin Masar, Shehu Jadul Haƙƙ, ya halatta shi a 1980, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta ƙarfafa a Amman a 1986, bisa sharaɗin ƙwai na matar ne, maniyyi na mijin ne, kuma mahaifarta ce za ta ɗauka.

To, abin lura shi ne lokaci. Ƙwan mace yana raguwa, ingancinsa yana faɗuwa daga shekara 35, bayan 40 kuwa faɗuwar ta yi tsanani. Amma tayin da aka daskarar ba ya tsufa. Yana nan a kan shekarun da uwarsa take ranar da aka ɗebi ƙwan. Ɗan kasuwa ya san wannan: dawar da aka zuba a rumbu da kaka ita ake ɗiba da bazara, wanda bai tara ba kuwa ba abin da zai ɗiba.

Saboda haka wurin gaggawa shi ne ganin likita da ɗibar ƙwai, musamman da yake fiɗar da akan yi wa ma'ajin ƙwai tana iya rage abin da ya saura. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wurin jinkiri kuwa shi ne mayar da tayin. Likita yakan ga dacewar a kwantar da cutar da magani wata biyu ko uku tukuna, kuma wannan jira ba ya cutar da abin da ke ajiye. Nan ne sauri kan haifi nawa.

Sai dai jinkirin yana da iyaka biyu. Ta farko, ciki a manyan shekaru yana zuwa da haɗarin hawan jini da ciwon sukari. Ta biyu, malamai sun hana mayar da tayi bayan mutuwar miji ko yankewar aure, domin kiyaye nasaba.

Aikin yana da tsada, nasararsa kuma ba tabbas, haihuwa ta Allah ce. Amma matakin farko bai fi ƙarfin magidanci ba: ya kai iyalinsa babban asibitin Zuru, a tura su Birnin Kebbi ko Sakkwato wurin likitan mata. Ya kamata malamai su faɗa a majalisi cewa neman magani ba ya warware tawakkali, maigida kuma ya yarda a gwada shi shi ma, gama matsalar takan fito daga namiji. Kuɗin da ya ƙare ana iya nemo wani, shekarun mace in sun wuce ba a saye su a kasuwa.

Allah Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, amin.