Barden Tsushima a cikin sabon kube

A watan Agusta na shekarar 2021 kamfanin Sony ya sake fitar da wasan bidiyon nan mai suna Ghost of Tsushima a kan sabuwar na'urarsa PlayStation 5, shekara ɗaya da wata ɗaya bayan fitowarsa ta farko. An ƙara wa hoton haske, an ƙara tsibirin Iki a cikin labarin, aka kuma gyara motsin leɓɓan ƴan wasan domin ya dace da harshen Japananci. Wanda ya riga ya sayi tsohon, sai ya ƙara dala 30 kafin ya samu sabon a kan sabuwar na'ura. A 2024 aka maida shi kan kwamfuta, kuma a shekarar nan aka bayyana cewa an sayar da kwafi fiye da miliyan 13. Ciniki ya yi kyau, babu mai jayayya da haka. Abin jayayya shi ne yabon da ke biye da shi, cewa wai wasan makaranta ce ta tarihi da al'adun Japan.

Labarin yana da tushe na gaskiya. A shekarar 1274 rundunar Kubilai Khan, sarkin Mongol, ta tashi daga gaɓar Koriya cikin jirage wajen 900, ta sauka a bakin ruwan Komoda a tsibirin Tsushima. Wakilin hukuma a tsibirin, So Sukekuni, ya tare ta da barade kamar 80, aka kashe su. Daga nan rundunar ta wuce Iki, ta isa mashigin Hakata, sannan ta janye. Iyakar abin da wasan ya ɗauko ke nan, saura ƙirƙira ce: jarumin, Jin Sakai, da kawunsa Shimura, da abokin gabarsu Khotun Khan, babu ɗayansu da ya taɓa rayuwa. Babu kuma wani barde da ya tsira ya ƙwato tsibirin. Wannan ba laifi ba ne. Mai tatsuniya yana da ikon ƙirƙiro jarumi, kuma kamfanin Sucker Punch na Amurka, wanda ya tsara wasan, bai taɓa ɓoye cewa ya ƙirƙira ba.

Laifin yana cikin ƙashin bayan labarin. Duk wasan ya dogara ne a kan tunani guda: wai barden samurai na wancan zamani yana da wata doka ta mutunci da ta hana shi kai farmaki a ɓoye, ko sukar maƙiyi ta baya, ko amfani da dafi, har Jin ya zama bare a cikin danginsa domin ya karya ta. Mai wasa yana shafe sa'o'i da dama yana jin nauyin wannan doka a wuyansa, ya tashi da yaƙinin cewa haka mutanen ƙarni na 13 suke. To, ba haka suke ba. A rikicin Hogen na 1156 da dare aka auka wa fadar Shirakawa aka cinna mata wuta, kuma waɗanda suka yi hakan su aka ɗaukaka. A 1281, lokacin da Mongol suka dawo karo na biyu, baraden Japan sun riƙa shiga ƙananan kwale-kwale cikin duhu suna hawa jiragen maƙiya suna yanka na ciki. Kwanton ɓauna da gobara da yaudara kayan aiki ne na yau da kullum, kamar yadda suke ga mayaƙan ko'ina a doron ƙasa.

Akwai ma shaida daga hannun wanda ya halarci yaƙin. Takezaki Suenaga, ƙaramin barde daga lardin Higo, ya sa an zana masa doguwar takarda mai hotuna da bayani kan abin da ya yi a yaƙoƙin biyu. Abin da ya dame shi a ciki shi ne a shaida cewa shi ya fara kutsawa, a kuma biya shi. Da lada ta yi jinkiri, sai ya sayar da dokinsa da sirdinsa ya yi guzuri, ya tafi Kamakura a 1275 ya kai kukansa har aka ba shi ƙasa. Ga mutum mai jini da tsoka, mai neman gona da suna, mai gardama da manyansa. Ya fi Jin Sakai daɗin sani nesa ba kusa ba, amma ba zai sayu ba, domin bai yi kama da hoton da kasuwa ta saba da shi ba.

Daga ina hoton ya fito? Daga zamanin da takobi ya riga ya kwanta. Littafin Hagakure, wanda ake yawan jingina wannan aƙida da shi, an tattara shi a farkon ƙarni na 18 daga bakin Yamamoto Tsunetomo, mutumin da bai taɓa shiga fagen fama ba. A 1876 gwamnati ta hana ratayen takobi. Bayan nan ne Nitobe Inazo, Kirista mai ilimin zamani, ya rubuta littafinsa kan bushido da Turancin Ingilishi, aka buga shi a Amurka wajen 1900, domin ya nuna wa Turawa cewa Japan ma tana da tarbiyya irin ta baradensu. Daga baya masu mulkin soja suka ɗauki kalmar suka wasa ta. Dokar fagen yaƙi ta 1941 ta hori sojan Japan da kada ya yarda a kama shi da rai, kuma dubban matasa sun mutu a kan wannan horo. Aƙidar da ke da irin wannan tarihi ba abin ado ba ce da za a ɗauka a liƙa wa mutanen 1274 kamar can dama da ita aka haife su.

Sauran kurakuran ƙanana ne in an gwada da wannan. Barden lokacin maharbi ne a kan doki, kwari da baka su ne makaminsa na farko, takobin katana da Jin ke riƙe da shi kuwa bai yaɗu ba tukuna. Jin yana zama a bakin rafi yana tsara haiku, alhali Basho, wanda ya ɗaukaka wannan gajeruwar waƙa, mutumin ƙarni na 17 ne. Wanda ya fi nauyi shi ne shirun da aka yi game da Koriyawa: su suka sassaƙa jiragen bisa tilas, dubbansu kuma suna cikin rundunar a ƙarƙashin Kim Bang-gyeong. Tsushima ta fi kusa da Koriya a kan babban yankin Japan, amma mai wasa zai gama bai san da wannan maƙwabtaka ba.

Masu kare wasan suna da hujjoji biyu. Ta farko, cewa Japanawa da kansu sun karɓe shi: a 2021 hukumar Tsushima ta naɗa shugabannin aikin biyu, Nate Fox da Jason Connell, jakadun yawon buɗe ido, kuma masoya wasan sun taimaka da kuɗi wajen gyara ƙofar wurin bauta na Watatsumi da guguwa ta karya a 2020. Alheri ne, a yaba. Sai dai tsibirin da ke neman baƙi ba alƙalin tarihi ba ne, kuma kowace al'umma tana son madubin da ya ƙara mata kyau. Ta biyu, cewa girmamawa ce ga finafinan Akira Kurosawa, har an sa wani salo na hoto baƙi da fari mai sunansa. An ɗauki iskar Kurosawa da ruwan samansa da tsayuwar mutum biyu kafin zare takobi, an bar shakkarsa. A fim ɗinsa na 1954 kan barade bakwai, ɗan manomi ne ya tsaya ya faɗa wa samurai cewa su suka ƙona ƙauyuka suka mai da talaka maƙaryaci.

A yi adalci, ƙarin labarin Iki ya ɗan taɓa wannan gyambo, domin a can Jin ya gano cewa mutanen tsibirin suna tuna mahaifinsa a matsayin mahauci. Wannan ne wuri mafi gaskiya a duk wasan, kuma shi aka ajiye a gefe, sai wanda ya biya ƙari. Malamin da ɗalibi ya zo masa da labarin Jin Sakai yana da abin da zai ɗora a kan tebur: shekarar 1274, barade 80 na Komoda, da Suenaga a kan hanyar Kamakura ba doki ba sirdi.